Gishiri Hannu da Hannu

"Kada ka miƙo mini! Na ce kada ka miƙo mini shi!"

Muryar Don Anselmo Landeros ta cika ɗakin baƙi, amma kashedin ya zo a makare. Eliseo ya riga ya miƙa hannu biyu, riƙe da ƙaramar jakar farin yadi, yana murmushin saurayin da ya daɗe yana bitar abin da zai faɗa. Tsohon ya fizge hannunsa kamar an nuna masa garwashi. Jakar ta faɗi, bakinta ya kwance, gishiri ya watsu a daɓe har ƙarƙashin kujeru.

Ina zaune a wurin, don haka abin da zan faɗa idona ya gani. Sunana Leobardo, tsohon malamin tarihi a nan Amatitán, kuma ni ne uban baftismar Amparo, 'yar da Eliseo da mahaifinsa suka taso tun daga bakin tekun Cuyutlán domin neman aurenta. Ita kuwa tana laɓe a bayan ƙofar kicin, kamar yadda ya dace da budurwa a irin wannan rana.

"Don Anselmo, a yi haƙuri..." in ji Don Melesio, mahaifin saurayin, yana murza hularsa. "Furen gishiri ne, na farkon ɗiba. A wurinmu ba a bai wa kowa shi sai wanda ake girmamawa."

"A wurinku! Nan wurinku ne?"

"Ranka ya daɗe, wallahi ban sani ba..." in ji Eliseo.

"Ba ka sani ba! Ka shigo gidan mutum neman 'yarsa, ka miƙa masa gishiri hannu da hannu, ka zubar masa da shi a tsakar ɗaki, sannan ka ce ba ka sani ba! Ai gaskiyar mutane ne. Mai gishiri, mai gishiri ne!"

Fuskar Don Melesio ta sauya. A bakinmu, idan aka ce wa mutum mai gishiri, ana nufin mai ƙashin tsiya, wanda duk abin da ya taɓa sai ya lalace. Faɗa wa mutanen da gishiri ne sana'ar kakanninsu wannan kalma, zagi ne har gida biyu.

"Kompadre, zauna mana," na ce, da sunan da uba da uban baftismar 'yarsa suke kiran juna. "Yaro ne."

Bai ko dube ni ba. A kan tebur akwai kwalbar barasar tekila da baƙin suka kawo, an ɗaure wuyanta da farin ƙyalle. Kowa ya san hukuncinta. Idan uba ya buɗe, ya ba da 'yarsa. Idan ya bar ta a ajiye ya yanka wa'adi, akwai sauran magana. Don Anselmo ya sa yatsa biyu ya tura ta har gaban Don Melesio.

"Ku sauka lafiya," ya ce.

Amparo ta cim musu a dandali, a gindin bishiyoyin da ake jiran mota. Ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Na biyo ta a hankali, gwiwoyina ba su da sauri.

"Eliseo! Eliseo, tsaya!"

"In tsaya in yi me, Amparo? In ƙara shafa wa garinku tsiya?"

"Kada ka faɗi haka... don Allah."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba? Kin gaya mini irin takalmin da zan sa, kin gaya mini kada in zauna sai an ce in zauna, har aski kika sa na yi! Amma wannan kaɗai kika ɓoye!"

"Ba a maganarsa a gidanmu. Ko ni ba na iya furta shi... Ban taɓa zaton za ka kawo gishiri ba."

"To me zan kawo? Lu'ulu'u? Abin da nake da shi ke nan, rabin raina. Da hannuna na kwashe shi daga saman ruwa."

Ta rufe fuskarta da tafukanta. Fushinsa ya narke nan take. Ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Shiga motar nan mu tafi. Ba mu ne na farko ba. Uwata za ta karɓe ki, limaminmu zai ɗaura, in ya huce mu dawo mu durƙusa mu nemi gafara. Haka kakana ya auro kakata."

"A'a."

"Amparo..."

"A'a, Eliseo! In tafi in bar shi ya dawo daga gona ya tarar da gida wayam? Sau ɗaya aka taɓa tafiya aka bar shi, da Mama ta rasu, ya isa. Ba zan durƙusa gaban bagaden coci ba tare da hannunsa ya sa mini albarka a goshi ba."

"In kuma bai taɓa yarda ba fa?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Yaushe aikin gishiri yake tsayawa?"

"Kin sani. In ruwan farko ya sauka."

"To in ruwan farko ya sauka ba ka ji daga gare ni ba... ka nemi wata, masoyina. Kada ka jira ni."

"Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani! Ka tafi kafin in kasa!"

Kafin motar ta tashi, Don Melesio ya ja ni gefe ya danƙa mini kwalbar.

"Malam, riƙe ta a wurinka. Ba zan shiga gida da ita matata ta gani ba."

Wajibi ne in koma baya kaɗan, domin wanda bai san Otilia, marigayiyar matarsa, ba zai ɗauki kompadrena mahaukaci, alhali ba haka ba ne.

Anselmo manomin agabe ne, tsiron da ake yin tekila da shi, ɗan manomin agabe, irin mutanen da suke ganin zuba wa tekila wani abu cin mutunci ne ga tsiron da ya shekara bakwai a ƙasa. Otilia kuwa ta yi 'yan shekaru a Tijuana tana budurwa, a gidan abincin gwaggonta, can ta koyo haɗin nan na tekila da lemun tsami da ake kira margarita. Garuruwan kan iyaka da dama suna iƙirarin su suka ƙirƙiro shi tsakanin shekarun 1930 da 1940, kuma na bincika, ban sami wanda hujjarsa ta gamsar da ni ba. Abin da nake da tabbaci a kansa shi ne, Otilia ce ta shigo da shi unguwarmu, a shekarar 1979, ranar Lahadin farko bayan aurensu.

Kofi ɗaya take haɗawa, su biyu su sha. Shi ba ya son gishiri a bakin kofi, ita kuwa ba ta sha sai da shi. Saboda haka rabin bakin kawai take shafa wa lemun tsami ta dangwala a gishiri. Gefe guda nata, gefe guda nasa. Kuma ba ta taɓa ajiye farantin gishirin a tebur ba. Sai ta ɗora masa a tafin hannu, ya riƙe, ta juya kofin a kai.

"Ajiye a tebur, mace!" yakan ce. "Ba a miƙa gishiri hannu da hannu!"

"Ai hannunka ne teburina," takan amsa, tana dariya.

Haka suka yi har Amparo ta zo a makare, bayan sun fid da rai da haihuwa, har ta girma ta zama malamar firamare. Wata Lahadi a shekarar 2009, Otilia ta miƙa masa farantin, ta faɗi maganarta, sai hannunta ya saki. Farantin ya kife, ita ma ta bi shi. Likitocin Guadalajara sun ce jijiyar jini ce ta fashe a kanta. Anselmo bai yi musu da su ba, amma bai yarda ba. Tun daga ranar aka ɗaga kofin can saman kabad, ba a ƙara miƙa gishiri a gidan ba, ba a kuma ƙara ambaton dalili ba.

Azumin Ista na shekarar da aka tura kwalbar ya wuce musu cikin shiru. Amparo tana dafa abinci, tana wanke masa riguna, tana sumbatar hannunsa da safe kafin ta tafi makaranta. Ba ta yi masa gardama ba, ba ta kuma yi kuka a gabansa ba. Sai dai ta rame, zoben uwarta ya fara juyawa a yatsanta. Shi kuma yana kallonta ta gefen ido, yana tafiya gona tun kafin lokacin tafiya.

A cikin watan Mayu, sa'ad da gajimare ya fara taruwa a kan dutsen Tequila da yamma, ta zo gidana.

"Nino, kwalbar tana nan?" in ji ta. Haka take kirana, ni uban baftismarta.

"Tana nan, 'yata. Me za ki yi da ita?"

"Ka kawo ta ranar Lahadi bayan coci."

"Kin san ba ke za ki buɗe ta ba."

"Na sani."

"Kuma kin san in ya sake tura ta, babu na uku."

"Nino... jiya na ji ƙamshin ruwa a iska. Ko na gwada ko ban gwada ba, rasa shi zan yi. Gara in gwada."

Ranar Lahadi muka dawo daga coci tare da Anselmo, ina rataye da jakata, ban ce masa komai ba. Muna shiga tsakar gida ya tsaya cak.

An fito da wani ƙaramin tebur zuwa gindin lemun tsamin da Otilia ta shuka. A kai akwai lemun da aka tsinko aka raba biyu, da kwanon ƙanƙara, da 'yar kwalbar barasar lemun zaƙi, da tsohuwar kwalbar zuma mai murfi wadda Otilia take girgiza haɗin a ciki. Ga kuma kofin, an wanke shi yana ƙyalli. Na ciro kwalbar mai farin ƙyalle na ajiye a tsakiya, na koma gefe na zauna.

"Har da kai, kompadre?" ya ce da ni.

"Aike ne. Ni ɗan saƙo ne kawai."

"Wa ya ce a sauko da kofin nan?"

"Ni ce, Baba," in ji Amparo.

Ba ta ɗaga kai ba. Ta murza lemun a tafinta, ta matse shi a cikin kwalbar zuma, ta tsame 'ya'yan da cokali. Awo ɗaya na ruwan lemun tsami, awo ɗaya na barasar lemun zaƙi. Ta zuba ƙanƙara. Saura awo biyu na tekila, kuma babu wata tekila a teburin sai wadda ke rufe.

"Mayar da kayan nan inda kika ɗauko su."

Ta ɗauki ɓarin lemo ta shafa a bakin kofin, daga nan zuwa nan, rabi daidai. Sannan ta ɗauko ƙaramin faranti. Gishirin da ke kansa fari ne tas, mai laushi kamar ɓawon ƙanƙara.

"Wannan kuma daga ina?"

"Wanda ya zube ne. Na kwashe na sama-sama, wanda bai taɓa daɓe ba."

"Na ce ki zubar da shi a rafi!"

"Ka ce. Wannan kaɗai ne umarninka da na taɓa ƙi, Baba."

Ta tako har gabansa, ta miƙa farantin da hannu biyu.

"Riƙe mini."

Ya kai hannayensa bayansa kamar yaro.

"Ajiye a tebur, Amparo."

"A'a."

"Na ce ki ajiye a tebur!"

"Haka kake gaya wa Mama kullum! Ina zaune a kan wancan dakalin ina jin ku, tun ban iya ɗaura takalmi ba! Kullum sai ka faɗa, kullum sai ta miƙa maka, kullum sai ka karɓa! Shekara talatin, Baba! A cikinsu aka haife ni, a cikinsu ka sayi gonar tudu, a cikinsu lemon nan ya girma. Duk wannan tsiya ce? Lahadi ɗaya ka riƙe... ka zubar da sauran duka!"

"Ke ba ki gan ta ba lokacin da ta faɗi..."

"Na gan ta! Ni na ɗaga kanta! Tana dariya ta faɗi, Baba. Maganarta ta ƙarshe a duniya wasa ce da kai, kai kuma ka mayar da ita la'ana!"

Ya zauna a kujera da ƙarfi. Ban taɓa ganin Anselmo yana kuka ba, ko a maƙabarta. A ranar na gani.

"Gishiri ya ɗauke mini uwarki," ya ce. "Yanzu kuma ya sa takalmi, ya yi aski, ya zo ɗaukarki. In kin tafi, wa ya rage mini? Ni da bishiya?"

Sai a lokacin na fahimci abin da ya sa ya tura kwalbar. Ina jin ita ma a lokacin ta fahimta. Ta durƙusa a gabansa, farantin yana hannunta har yanzu.

"In ka ce in zauna, zan zauna. Na riga na gaya wa Eliseo. Ya ce in gudu, na ƙi. Ba zan ƙara ambaton sunansa a gidan nan ba, kuma ba zan riƙe ka a zuciya ba... Amma ko ka ba shi ko ka hana shi, karɓi wannan daga hannuna. Na gaji da gidan da ake tsoron Mama a cikinsa."

Ƙanƙara tana narkewa a kwalbar zuma, ana jin ƙarar tsagewarta. Hannuwan yarinyar suka fara karkarwa don gajiya, gishirin yana zamewa zuwa gefen faranti. Na ga idon Anselmo a kansa. Saura kaɗan ya zube.

Ya miƙo tafinsa ya tare.

Amparo ta ɗora masa farantin. Ta miƙe ta ɗauko kofin, ta kifa shi, ta juya rabin bakinsa a kan gishirin a hankali, hawayenta suna sauka a kan hannun rigarsa.

"Ba haka take yi ba," ya ce can ƙasa. "Kina dannawa da yawa. Taɓawa kawai ake yi."

"To, Baba."

Ya ajiye farantin. Ya daɗe yana duban kwalbar mai farin ƙyalle, ya jawo ta, ya ɗaga ta a hasken rana yana karanta jikinta.

"Hm. Ta tudu ce, ba ta kwarinmu ba. Mutanen bakin teku ba su san komai ba."

"Sun san gishiri," na ce. "Tun kafin a fara dafa agabe a kwarin nan, nasu yake tafiya. Da alfadarai aka riƙa hauro da shi ta tsohuwar hanyar Colima, ana tace azurfa da shi a wuraren haƙar ma'adinai. Kuma a watan Yunin 1932, da teku ya share garinsu..."

"Kompadre, ban biya kuɗin makaranta ba."

Ya kwance ƙyallen, ya murɗa murfin. Ƙarar ba ta da yawa, amma Amparo ta dafe ƙirjinta kamar an harba bindiga.

"Baba...!"

"Awo biyu. Yi sauri, ƙanƙararki ta zama ruwa."

Ta auna, ta rufe, ta girgiza har kwalbar zumar ta yi raɓa a hannunta, ta tace a cikin kofin. Ruwan ya fito kore-kore mai hazo, ƙamshin lemo ya tashi. Ta miƙa masa, ta juya masa gefensa, wanda babu gishiri.

Ya karɓa. Sai ya juya kofin a hankali, ya kai gefen Otilia bakinsa, ya kurɓa. Ya rufe ido.

"Ashe haka yake..." ya ce. "Shekara talatin tana gaya mini."

Ya miƙa wa 'yarsa sauran. Sannan ya sa babban yatsansa ya zana mata alamar gicciye a goshi.

A ranar Amparo ta so ta buga wa Eliseo waya, ubanta ya hana. Ya ce wanda ya yi zagi da bakinsa, da ƙafarsa yake zuwa. Ranar Talata muka hau mota zuwa Cuyutlán mu biyu, ni da shi. Muka sami Eliseo a tsakiyar filin gishiri, rana tana dukan farin ƙasa har ido ba ya buɗuwa, hadari kuma ya haɗu baƙi ƙirin ta wajen duwatsu. Da ya hango mu sai abin kwasar ya suɓuce daga hannunsa. Anselmo ya cire hularsa a gaban Don Melesio, ya nemi gafarar kalmar da ya faɗa, ya kuma miƙa masa farin ƙyallen.

An ɗaura auren a cocinmu a cikin watan Agusta, ana tsakiyar damina. Sharaɗi ɗaya kawai Anselmo ya kafa: in ruwa ya tsayar da aikin gishiri, su hauro su yi damina a Amatitán. Sauran watannin, shi da bishiyar suke zama, ni kuma nakan leƙa ranar Lahadi.

A wurin cin abincin biki, an zaunar da ango kusa da surukinsa. Aka kawo romon akuya. Eliseo ya ga tsohon yana laluben wani abu a tebur, ya gane, ya ɗauki farantin gishiri da sauri ya ajiye a gabansa, can nesa da hannunsa, ya janye nasa hannun.

Anselmo ya dubi farantin, ya dubi yaron. Bai taɓa shi ba. Ya buɗe tafinsa a kan tebur.

"Ɗauke shi, ɗana," ya ce. "Miƙo mini."